Daga Damin Iri zuwa Takardar Gwajin Jini

Lacca da aka gabatar a Matameye, jihar Damagaram



Da rumbu zan fara, don a can na soma karatun da zan yi magana a kansa yau. Ina yaro, in kaka ta yi, kafin a shiga yankan hatsi, kakana yakan shiga gona shi kaɗai da hantsi yana duba zangarniya ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta yi tsawo, ta cika da ƙwaya tun daga gindi har baki, tsuntsu bai taɓa ta ba, tsutsa ba ta zagaye ta ba, ita yake yankewa ya ajiye gefe. Su yake ɗaurewa damin iri, kuma duk inda yunwa ta kai, ba a kwance wannan dami sai ruwan shuka ya sauka. Shibra kuwa, wadda tana ƙarama ba ka bambanta ta da hatsi, amma in ta fid da kai sai ka ga zangarniya siririya mai zubar da ƙwayarta ƙasa tun kafin girbi, ita ba ta shiga damin iri ko da wasa.

Shibra ƴar gaurayen hatsin gida ce da hatsin daji, kuma ita ke tuna mana inda hatsi ya fito. Asalinsa ciyawa ce ta wannan yanki namu na Sahel, mai watsar da ƴaƴanta da zarar sun nuna. Mutanen farko da suka riƙa girbinta, abin da ya tsaya a jikin zangarniya kaɗai suke kaiwa gida, shi kuma suke shukawa baɗi. Shekara bayan shekara, mai zubarwa na raguwa, mai riƙewa na ƙaruwa. A kwarin Tilemsi na ƙasar Mali an samu shatar hatsin gida a jikin fasassun tukwane masu shekara kimanin 4,500. Hannun manomi ne ya mayar da ciyawa abincin da muke daka fura da shi. Abu uku ne a ciki: ƴaƴa ba sa fitowa daidai da juna, suna gadon iyayensu, kuma ba kowanne ke barin baya ba. Hausawa sun daɗe da lura da biyun farko. Mun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, mun kuma ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Malaman Musulunci na da sun taɓa wannan fage. Al-Jahiz na Basra, wanda ya rasu wajen shekarar 868, ya cika Kitabul Hayawan da lura kan yadda dabbobi ke cin juna, da yadda muhalli ke shafar kamanninsu. Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya yi watsi da labarin cewa baƙar fata tsinuwa ce da ta bi zuriyar Ham, ya danganta ta da zafin rana da yanayin ƙasa. Ba su kafa nazarin sauyin halittu irin na yau ba, kuma ba daidai ba ne a ɗora musu abin da ba su faɗa ba. Amma sun nuna cewa tambayar ba baƙuwa ba ce a gidanmu.

Bafaranshe Lamarck ne, a 1809, ya fito da cikakken bayani na farko. Ya ɗauki misalin raƙumin dawa, irin wanda ya rage mana a Kure kusa da Yamai. A ganinsa, dabbar ta yi ta miƙa wuya don ta kai ga ganyen sama, wuyan ya ƙaru kaɗan, ƴaƴanta suka gaji ƙarin. Maganar da daɗin ji, amma kowane wanzami a garin nan zai iya rushe ta. Kaka da kakanni ana yi wa jarirai zane a fuska, ana yi wa yara kaciya, har yau ba a haifi ɗa da zanen gidansu a kumatu ba. Abin da aska ta yi wa jiki ba ya shiga cikin iri. Bajamushe Weismann sai da ya yanke wutsiyar ɓeraye har zuriya 5 kafin ya tabbatar da abin da wanzamai ke gani kullum.

A shekarar da littafin Lamarck ya fito aka haifi Charles Darwin a Ingila. Ya yi shekara 5 a jirgin ruwan Beagle, daga 1831 zuwa 1836, yana tara duwatsu da ƙasusuwa da tsuntsaye, sannan ya zauna fiye da shekara 20 yana juya abin a ransa. Sai da wasiƙar Alfred Wallace ta iso masa daga tsibiran Indunusiya a 1858, ɗauke da tunani irin nasa, sannan ya yi sauri ya fid da littafinsa kan asalin nau'o'in halittu ranar 24 ga Nuwamba 1859. Abin da ke burge ni shi ne babinsa na farko: kiwo da noma ne, musamman tantabaru, don shi kansa ya yi kiwonsu. Hujjarsa ita ce, abin da mai damin iri ke yi da hannu, fari da cuta da yunwa da maƙiya suna yin irinsa a daji ba tare da sun yi niyya ba. Ana haihuwa fiye da abin da abinci zai ɗauka. Wanda halittarsa ta ɗan fi dacewa da wurin shi ke yawan kaiwa ga haihuwa. Tankaɗe da rairaya ne da ba ya tsayawa, shi ake kira zaɓin yanayi.

Dattawan da ke nan sun ga wannan da idonsu. Kun tuna nibakin? A da, ƙwaya kaɗan ke sauke masassara. Daga ƙarshen shekarun 1970 a gabashin Afirka, sannan a shekarun 1980 a nan yamma, maganin ya soma kasawa, har likita ta daina ba da shi. Maganin bai canza ba. Cikin miliyoyin ƙwayoyin cutar da sauro ke zuba mana, an samu ƴan kaɗan da ba ya kashe su, ya share sauran ya bar musu fili, suka hayayyafa.

Na san abin da ke ran wasunku: ba Darwin ɗin nan ne ya ce mutum daga biri ya fito ba? Ni Musulmi ne ɗan Musulmi. Halittar Annabi Adamu, alaihis salam, magana ce ta wahayi, tana da malamanta, ga su nan zaune a sahun gaba, ba zan wuce gona da iri ba. Amma ya kamata ɗalibi ya san abin da masu wannan ilimi suka faɗa daidai yadda suka faɗe shi. Ba su ce gwaggon biri na yau ya rikiɗe ya zama mutum ba. Cewa suka yi, ta fuskar jiki, mutum da manyan birai na Afirka suna haɗuwa a tsatso guda mai nisa, kamar rassa biyu a gindin gawo ɗaya. A 1871 Darwin ya yi hasashen cewa a Afirka za a samu tsofaffin ƙasusuwan, kuma a nan aka same su: ƙoƙon kan yaron Taung a Afirka ta Kudu a 1924, Lusi a Habasha a 1974, sannan maƙwabciyarmu Cadi. Ranar 19 ga Yuli 2001, a hamadar Jurab, wani ɗan Cadi mai suna Ahounta Djimdoumalbaye, cikin ayarin Farfesa Michel Brunet, ya tsinci ƙoƙon kan da aka raɗa wa suna Tumai, wanda aka ƙiyasta shekarunsa kusan miliyan 7. Har yanzu masanan na jayayya kan ko da ƙafa biyu yake tafiya, kuma haka ilimin yake ci gaba, da jayayya a kan ƙashi da awo.

Akwai kuma tabon da ba zan ɓoye muku ba, don mu aka yi wa. A ƙarni na 19 an mayar da nazarin jikin ɗan Adam makamin raini. Gobineau ya rubuta littafi a shekarun 1850 yana jera jinsuna sama da ƙasa, baƙar fata a can gindi. A Paris an yi ta auna ƙoƙunan kai don a tabbatar da abin da zuciya ta riga ta yanke, kuma da irin wannan tunani aka shigo ƙasashenmu da bindiga. Wanda ya tashi ya mayar da martani a tsakiyarsu baƙin mutum ne ɗan Haiti, Anténor Firmin, da littafinsa na 1885 kan daidaiton jinsunan ɗan Adam. Ilimin gado ya zo ya gaskata shi. A 1972 Richard Lewontin ya lissafa cewa kusan kashi 85 cikin 100 na bambancin gadon da ke tsakanin mutane a cikin al'umma ɗaya yake, ba tsakanin fari da baƙi ba. An kuma tabbatar cewa babu nahiyar da mutanenta suka kai na Afirka yalwar bambancin gado, don a nan ɗan Adam ya fi daɗewa.

Darwin ya bar giɓi babba: bai san yadda gado ke tafiya ba. A zamaninsa ana ɗauka jinin uwa da na uba gauraya suke kamar fura da nono, in an dama ba a sake raba su. In haka ne, duk wata sabuwar siffa mai amfani za ta salance cikin ƴan zuriyoyi. Amsar tana lambun wani limamin Kirista, Gregor Mendel, a garin Brno na ƙasar Cek ta yau. Daga 1856 zuwa 1863 ya yi ta haɗa furannin wani wake na ƙasarsu yana ƙirga sakamako. Ya haɗa mai dogon kara da mai gajere, ƴaƴan duk suka fito dogaye, gajarta ta ɓace. Da ya shuka jikoki sai ga ta ta dawo: dogaye 787, gajeru 277. Kusan uku bisa ɗaya. Ashe gajartar ba ta narke ba, laɓewa ta yi. Kowane tsiro na ɗauke da ƙwayar gado biyu ga kowace siffa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, wata na rinjayar wata, amma kowace tana nan lafiya lau. Makiyayin da ya ga maraƙi ya ɗauko launin kakarsa ya san wannan. Mendel ya buga aikinsa a 1866, ya rasu a 1884 ba wanda ya kula, sai a 1900 aka tono aikin nasa.

Yau mun san inda ƙwayoyin gadon suke. A cikin kusan kowace ƙwayar halittar jikinmu akwai wani dogon zare da littattafan lakwal ke kira ADN, wanda Watson da Crick suka bayyana sigarsa a 1953 bisa hotunan da Rosalind Franklin ta ɗauka. An naɗe shi dami 46, 23 daga uwa, 23 daga uba. Rubutu ne da haruffa 4 kacal, kuma kason da kowane mahaifi ke bayarwa ya kai harafi wajen miliyan dubu 3. Wani lokaci wajen kwafe rubutun akan samu harafi ɗaya ya sauya. Daga nan sabon abu ke shigowa cikin iri.

Harafi ɗaya tak, a dami na 11, shi ne amosanin jini, wanda wasu ke ce wa sikila, wasu emasi.

A wani aji da na koyar akwai wani yaro mai kaifin kai, ɗan siriri, idanunsa kullum da ɗan rawaya. In hunturu ya shigo, wurin zamansa a benci sai ya yi mako biyu, uku, babu kowa. Na je gaishe shi wata rana na tarar da shi a naɗe bisa tabarma, ya rungume gwiwarsa, ba ya kuka da ƙarfi, nishi kawai yake, uwarsa na gasa masa ƙafa da tsumma da ruwan ɗumi. Ta riga ta binne biyu kafin shi. Dangin miji sun yanke hukunci cewa jininta ne ba kyau, wasu suka ce wabi take yi. Ban daina tuna fuskar matar nan ba, kuma saboda ita na karɓi gayyatar yau.

Ga abin da ke faruwa a jikinsa. Jajayen ƙwayoyin jini cike suke da wani sinadari, hemogulobin, mai ɗaukar iskar numfashi. Vernon Ingram ya nuna a 1957 cewa a wurin mai sikila, tubali ɗaya ne cikin ginin sinadarin, na shida a jeri, ya bambanta. In iska ta yi ƙaranci, ko sanyi ya kama jiki, ko ƙishirwa ta yi yawa, sinadarin sai ya sandare, ƙwayar da ke zagaye mai laushi ta lanƙwashe kamar lauje, ta maƙale a ƙananan hanyoyin jini. Wannan ne ciwon ƙashin. Ƙwaya mai lafiya takan yi kwana 120, mai lauje 10 zuwa 20, shi ya sa jini ba ya isa, ido ke yin rawaya. Jariri ba ya nunawa sai ya kai wajen wata 6, lokacin da irin jinin da ya zo da shi daga ciki ya ja baya, kuma alamar farko sau da yawa kumburin hannu da ƙafa ce.

Yanzu ku dawo lambun Mendel. A takardar gwajin jini, lafiyayyar ƙwayar gado ita ce A, ta sikila kuma S. Mai AA ya gaji lafiyayyar ƙwaya daga ɓangare biyu. Mai AS ya gaji ɗaya da ɗaya, lafiyarsa ƙalau, yana noma, yana dambe, bai ma san yana ɗauke da komai ba. Mai SS kuwa, S ɗaya daga uwa ta zo, ɗaya daga uba. Iyayena maza, ina roƙon ku riƙe wannan: babu yadda za a yi mace ita kaɗai ta haifi ɗa mai SS. Rabin abin daga mijin yake. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na SS, biyu na AS, ɗaya na AA. Kuma ba layi ake bi ba, kowane ciki ƙuri'arsa daban. Gida ɗaya ya haifi shida ba ko ɗaya, maƙwabcinsa ya samu uku a jere. Sunaye irin su Ajuji da Ayashe da muke sa wa ɗan wabi suna ɗauke da hawayen iyaye mata, kuma ina da yaƙinin cewa a cikin waɗannan gidaje akwai da yawa da wannan lissafi ne ya bi ta kansu.

Tambayar da ta haɗa Mendel da Darwin ita ce: abin da ke kashe yara tun kafin su yi aure, me ya hana shi ƙarewa? Ya kamata tankaɗe ya fid da shi tuntuni. Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya lura cewa S ta yi yawa a bakin teku da gefen tafkin Biktoriya inda sauro ya yi katutu, ta yi ƙaranci a kan tsaunuka masu sanyi. A 1954 ya buga hujjar cewa mai AS yana da kariya daga masassarar cizon sauro. Binciken baya ya nuna kariyar daga mummunan nau'in cutar, mai suma da ƙarewar jini, ta kai wajen kashi 90 cikin 100. Ke nan a ƙasar sauro, sikila na ɗaukar mai SS, masassara na ɗaukar wasu masu AA, mai AS ne ya fi tsira, shi kuma yana ɗauke da ƙwayoyin biyu zuwa gaba.

An auna wannan a cikin Hausawa ƴan uwanmu, kudu maso gabas da nan. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi babban bincike kan masassara a ƙauyukan Garki, cikin jihar Jigawa ta yau. Alan Fleming na jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da abokan aikinsa suka gwada jinin mutanen. A cikin jarirai, kimanin 24 cikin 100 AS ne, amma a cikin waɗanda suka wuce shekara 5 sun kai kimanin 29. Ba wanda jininsa ya canza. Masu AA ne suka fi mutuwa a ƙuruciya, sai kason AS ya hau. Masu SS kuwa, kimanin 2 cikin 100 na jarirai ne, amma a cikin manya da ƙyar aka samu. Wannan zaɓin yanayi ne da aka ƙirga a ƙauye mai rumbu da rijiya irin namu, kuma kowace lamba a ciki ɗan wani ne.

Frank Livingstone ya ƙara wani abu a 1958 wanda ya zama ginshiƙi a nazarin ɗan Adam: noma ne ya buɗe wa sauro ƙofa a Afirka ta Yamma. Sare daji, zama wuri ɗaya, kududdufai a gefen gari, su suka yawaita sauro, sauro ya yawaita S. Wato sana'ar mutum na iya komawa ta sauya jininsa. Haka madara. Yawancin manyan mutane a duniya cikinsu ba ya narkar da zaƙin ɗanyar madara, shi ya sa da yawanmu in mun sha sai ciki ya yi ta ƙugi, amma nono da kindirmo ba sa damunmu, don tsami ya rage zaƙin. Fulani da dama kuwa sun gaji ƙwayar da ke barin cikinsu ya ci gaba da narkar da ita har tsufa, albarkacin dubban shekaru a bayan shanu.

Yaushe harafin S ya sauya? Daniel Shriner da Charles Rotimi, wanda haifaffen Najeriya ne, sun ƙiyasta a 2018 cewa sau ɗaya abin ya faru, a jikin mutum ɗaya, shekara kimanin 7,300 da suka wuce. Wasu masanan na ganin ya fi haka daɗewa. In lissafinsu ya yi daidai, zamanin ne da Sahara take kore. A Gobero, cikin Tenere ta jihar Agadas, ayarin Paul Sereno ya ci karo a shekarar 2000 da maƙabarta mai kaburbura wajen 200 a bakin tsohon tafki, da ƙasusuwan dorina da kada da giwan ruwa. A wani kabari an kwantar da mace da yara biyu suna fuskantar juna, hannuwansu a haɗe. Inda ruwa ya kwanta haka, sauro ba ya nisa.

Abin da Garki ta gani ba dole ya ci gaba ba. Yaro mai SS da aka gano da wuri, aka cika masa rigakafi, yana shan maganin kariya da na ƙarin jini da likita ya rubuta, yana kwana cikin gidan sauro, ana ba shi ruwa da yawa, ana rufe shi da hunturu, yana iya girma ya yi karatu ya yi sana'a. Akwai maganin hidiroksiyuriya mai rage yawan tashin ciwon. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta masu wannan cuta, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware musu ranar 19 ga Yuni.

Gwajin kuwa ɗigon jini ne, sau ɗaya a rayuwa, don sakamakon ba ya canzawa. Kada a rikita shi da rukunin jini na A da B da O, wannan na ƙarin jini ne, daban yake. Lokacinsa shi ne kafin a kai gaisuwar iyaye, tun zukata ba su ƙullu ba, musamman a auren zumunci cikin dangin da aka taɓa samun mai ciwon, don ɗan wa da ƴar ƙane suna iya gadon S ɗaya daga kaka ɗaya. Mai AS ba marar lafiya ba ne, ba kuma abin gudu ba ne: in ya auri AA ba za su haifi SS ba. Akwai kuma harafin C da ake samu jefi-jefi, wanda ya fi yawa a Burkina Faso da arewacin Gana. In ya haɗu da S shi ma yana kawo ciwo, don haka a duba shi a takardar.

Ga allo nan, zan zana gidaje huɗu na rabon auren AS da AS in bar su a kai. Wanda ya zo da takardar gwajinsa bai gane abin da aka rubuta ba, ya same ni a gefe bayan an tashi, mu karanta tare. Malam mai gabatarwa, a buɗe fagen tambayoyi, kuma ina roƙon a fara da ɓangaren iyayenmu mata.